Savoir-vivre ba "wayewa" ba ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan shirinku na rediyo na makon jiya, inda mai gabatarwa ya fassara kalmar Faransanci savoir-vivre da "wayewa". Na daɗe ina koyar da Faransanci a nan Damagaram, kuma fassarar nan ta tsaya mini a rai.

Savoir shi ne sani ko iyawa, vivre kuma rayuwa. Abin da Bafaranshe ke nufi da ita shi ne iya zama da mutane: sanin ya kamata wajen gaisuwa, wajen cin abinci, da gaban manya. Daban take da savoir-faire, wadda ke nufin gwaninta a sana'a, irin ta maƙeri ko tela, duk da masu Ingilishi da suka ari ta biyun sun karkata ta wajen iya hulɗa.

A birnin Lyon na ƙasar Faransa na koyi ma'anar savoir-vivre da jikina. Na shiga shagon burodi da sassafe, sanyi na kaɗa ni, na miƙa kuɗi na faɗi abin da nake so. Matar ba ta motsa ba. Ta dube ni ta ce "Bonjour", ta yi shiru tana jira. Kunya ta rufe ni, domin a gida ko zauren maƙwabci ba na shiga ba sallama. Sai da na amsa sannan ta ɗauko burodin. Haka ma vous (ku) da tu (kai ko ke): babba ko baƙo vous ake ce masa, sai in shi ya ba da izinin a koma tu. Mu ma ai "ku" muke ce wa iyaye da surukai.

Shi ya sa "wayewa" ta dame ni. Tana sa yaro ya ɗauka cewa sai mai cin abinci da cokali mai yatsu ke da wannan hali, alhali kakarsa da ke tashi ta kawo wa baƙo ruwa kafin ta tambaye shi labari ta fi mai cokalin sanin abin nesa ba kusa ba.

Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, kuma kalmar da rediyo ta zaɓa ita yara ke ɗauka. Ina roƙo ku gyara a shiri na gaba, ku ce "iya zama da mutane", ko "ladabi" in kuna son gajeruwa.

Wassalam,
Mai sauraronku daga Damagaram