A kawo horon ƙwarewar likitoci nan Garwa

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan yaranmu sababbin likitoci masu son zama ƙwararru, abin nan da suke ce ma rezidana.

A nan Kamaru sai yaro ya yi shekara 7 a jami'a kafin a kira shi dokta, to in yana so ya zama likitan mata ko na yara ko mai tiyata sai ya sake zana konkur, wato jarrabawar neman gurbi, in Allah ya ba shi sa'a ya ƙara shekara 4 ko 5 yana aiki a asibitin koyarwa ƙarƙashin manyan farfesoshi. Wannan ba laifi, hannu ba ya faɗawa sai da aiki. Abin da ke damuna shi ne yawancin horon nan a kudu ake yinsa, musamman Yawunde inda makarantar likitanci take tun 1969 lokacin ana ce mata CUSS.

Ɗan yayata yana can yanzu, yana koyon aikin likitan yara. Ranar gardi, wato ranar da aikin dare ya faɗo kansa, yakan kwana tsaye tsakanin gadaje, gari ya waye ya bi farfesa zagayen marasa lafiya, ga kuɗin haya ga abinci ga tsadar birni, wallahi wani lokaci in ya kira uwarsa daga muryarsa kaɗai ta san bai runtsa ba. Kuma mu faɗi gaskiya, mutumin da ya yi shekara 5 a wuri ya yi aure a can ya sa yara makaranta ya saba da manyansa, da wuya ya tattara ya dawo Marwa ko Kusiri. Mu kuma a nan mai ciwon da ya fi ƙarfin likitan gari sai a ce a kai shi kudu, mota har Ngaundere sannan jirgin ƙasa dare guda, wanda ba shi da hali kuwa sai dai ya koma gida ya kwanta.

Ga shi cututtukanmu ma da nasu yanayi, sanƙarau da rani, zazzaɓin cizon sauro da damina, saran maciji, tamowa, yoyon fitsari ga mata. Likitan da zai yi mana aiki ya kamata ya koya a kan irin waɗannan.

Tun 2022 Garwa ta samu jami'arta, akwai sashen likitanci, akwai babban asibiti. Roƙona ga ma'aikatar ilimi mai zurfi da ta lafiya shi ne a buɗe rezidana a nan ko da a fara da fanni biyu ne, na mata da na yara, a riƙa turo farfesoshi su zauna wata da watanni ba kwana uku su wuce ba, kuma a ba yaran nan alawus da zai riƙe su. 'Yan majalisarmu na arewa don Allah ku ɗauki maganar nan da muhimmanci.

Na gode,
mai bibiyarku daga Garwa