A bar mai makoki ta numfasa kafin a ce ta yafe

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana Kirista. Ina cikin zumuntar mata, mu ne masu zuwa gaisuwar rasuwa, kuma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mace an kashe mata ɗa, ko ruwa ba ta iya haɗiya, sai wata ta dafa kafaɗarta ta ce, "Ki yafe, Yesu ma ya yafe." Haba! Wa ya ce ba ta sani ba?

Gafara wajibi ce a kanmu, Matiyu 18:22 bai bar mana mafaka ba. Amma ba ta zuwa da tilas, kuma ba ta soke shari'a. Fafaroma John Paul na Biyu ya yafe wa Mehmet Ali Agca da ya harbe shi a 1981, har ya je kurkuku a 1983 suka zauna gwiwa da gwiwa, duk da haka mutumin bai bar kurkukun Italiya ba sai 2000. A Charleston ta Amurka, a 2015, wasu dangin mutum 9 da aka kashe a coci sun ce wa makashin sun yafe, kotu kuma ta yanke masa hukuncin kisa.

Ni dai idan na je gaisuwa, wanke-wanke nake kamawa. Fastocinmu su ja wa masu gaggawar nan kunne.

Taka,
Wata mai karatu