Ranar da Hajiya ta karɓe turmi

Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya sanyin Jamus ɗin da kake ta kuka da shi? Mu nan sai godiya. Hajiya, tsohuwar gidanmu, tana gaishe ka, ta ce har yau ba ta ga mayafin da ka yi mata alkawari ba.

Ka tambayi jiki. Da sauƙi ƙwarai. Bayan ƙaramar salla likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, ya rubuta ƙwayoyi, ya kuma ce in rage gishiri. Na ce masa ai ni ba mai son gishiri ba ne. Ya yi dariya ya ce in je in tambayi dunƙule nawa ake jefa wa miyar gidanmu. Uwargida ta ce huɗu, wata rana biyar, ban da gishiri da kanwa. Ashe kusan rabin dunƙulen nan gishiri ne! Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa cewa ta yi kada babban mutum ya kai giram 5 a yini, wato wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin burodi da waakye (shinkafa da wake) na bakin titi.

Makon farko mun ji jiki. Miyar kuka ta koma lami, yara suka ƙaurace wa tuwo. Hajiya ta zuba mana ido kwana uku, rana ta huɗu ta aiki babbar jikarta kasuwar Kejetia: daddawa, masoro, kanumfari, busasshiyar citta, kimba wadda mutanen Asante ke kira hwentia, da prekese nasu. Da ka ga tsohuwar nan ranar! Ta baje tabarma a tsakar gida, ta ɗan babbaka kimbar a kan garwashi har ta fara hayaƙi, ta jawo turmi tsakanin ƙafafunta tana daka tana faɗa, wai a zamaninsu wa ya san dunƙule. Ƙamshi har ƙofar gida, mai shagon kusa da mu sai atishawa yake yi. Daren nan har suɗi aka yi.

Tun daga nan na zama ɗalibinta. Tafarnuwa ba a jefa ta ɗungurungum, sai an daka an bar ta ta sha iska kamar minti 10, domin sinadarinta mai amfani sai an farfasa ta yake fitowa. Citta tana kwantar da tashin zuciya, shi ya sa nake tauna 'yar kaɗan in zan hau motar Tamale. Kanumfarin da iyayenmu ke cusa mana a kogon haƙori kuwa, man da ke cikinsa likitocin haƙori ma suna aiki da shi. Dubi kokonmu da duk Kumasi ke yi wa layi da asuba: gero ne da citta da kanumfari da barkono. Muna sayar wa jama'a abin kirki, a gida muna dogara da abin cikin leda.

Amma kada ka ɗauka na zama boka. Babban amfanin kayan ƙamshin nan a wurina shi ne sun sa harshe ya manta da gishiri. Wani maƙwabcinmu ya ajiye ƙwayoyinsa ya koma haɗiyar tafarnuwa safe da yamma, sai da aka kwashe shi zuwa asibiti cikin dare. Nawa maganin ina sha kullum, kuma awon da aka yi mini na ƙarshe ya faranta wa likita rai. Kai da kake shan maganin tsinka jini, tambayi likitanka kafin ka yawaita citta da tafarnuwa.

Ƙanin uwargida zai je Hamburg wata mai zuwa. Hajiya ta ƙulla maka yaji a kwalba, ga kimba da daddawa, an naɗe daddawar a leda uku saboda kada ta tona masa asiri a jirgi. Ka ba shi mayafin nan ya taho da shi, in huta da gori.

A gaida madam da yara.

Naka,
abokinka na Aboabo