Rahoton Kwamitin Rijiyar Burtsatse ga Jama'ar Unguwa

Assalamu alaikum. Tun da ruwa ya fara zuba a famfon rijiyar, tambaya biyu ke yawo a majalisu da wayoyi: ina kuɗin suka shiga, kuma me ya sa aka bar janareto aka sayi sola mai tsada? Haƙƙinku ne ku tambaya, ga amsarmu.

A zamanmu na farko mun tantance masu ruwa da tsaki. Waɗanda ke iya tsayar da aikin, wato mai unguwa da maƙwabtan fili, su muka fara zama da su. Sai masu ɗiban ruwa kullum: matan gida, yara da 'yan garuwa. Masu gudummawa muna sanar da su komai, amma ba girman kuɗi ne ya ba mutum kalmar ƙarshe ba.

Wannan ne ya sa muka canza wurin haƙa, har aka sake biyan mai binciken ruwa. Wurin farko yana daf da masan wani gida, masana kuwa suna son a bar tazarar aƙalla mita 30. Mata kuma suka aiko cewa ba za su tura 'yan mata gaban majalisar maza da jarka a ka ba. Wasu sun ce mun ɓata kuɗi saboda maganar mata. Mu dai mun san rijiyar da masu ɗiba suka ƙaurace wa asara ce.

Batun sola shi ya fi jawo mana surutu. Wani babban mai gudummawa ya yi alkawarin janareto, Allah ya saka masa. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wa zai riƙa zuba mai kowace safiya? Kuɗin zai koma kan jarkar bazawara da mai garuwa. Ana cikin haka, a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, lokacin muna tsakiyar zuba ginshiƙan tanki. Rasit ɗin kowane buhu yana hannun ma'aji, duk mai so ya zo bayan la'asar a buɗe masa littafi.

Godiya ta musamman ga Alhajin da ya ba da fili ya hana a ambaci sunansa, da 'yan'uwanmu na Kudu da ke aiko da kuɗi duk wata, da iyayenmu mata da suka juye adashinsu gaba ɗaya. Allah ya sa a mizani.

Saura katanga da magudana. Yanzu haka ruwa na kwanciya a ƙofar maƙwabcin da ya yi mana haƙuri tun ranar farko, awaki kuma na shiga har gindin famfo. Damina na tafe. Mai buhun siminti ɗaya ya kawo, mai bulo goma ya kawo, matasa masu ƙarfi su fito ranar Asabar da shebur.