Zuwa ga Auta, a Unguwar Rogo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Auta, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da Inna da Yaya Babba da yara gaba ɗaya. Ni nan lafiya lau, sai sanyi. Kada ka yarda da masu cewa ɗan Jos ba ya jin sanyin Turai. Namu na hunturu da rana ta ɗaga ya yi sauƙi, nan Birmingham kuwa ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe, ga yayyafi ba dare ba rana.

Na zaɓi in rubuto maka ne don na san halinka da saƙon murya, rabi kake ji ka ce ka gane. Inna ta gaya mini abokinka ɗan gidan Malam na Gangare ya ɗauke ƙafa, tun bayan Maulidi ba ta sa shi a ido ba. Ta tambaye ka, ka ce mata aiki ne ya yi masa yawa. Auta, ina cikin guruf ɗin nan na 'yan unguwa, shiruna ba ya nufin ba na karantawa. Aikin dare nake yi a gidan kula da tsofaffi, in na samu hutu wajen ƙarfe uku nakan zauna a kicin da kofin shayi in bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Na ga lokacin da ya sa hoton zagayen Maulidi, ka ɗora masa guntun wa'azi a ƙasa. Ya ce ku maƙiyan Annabi ne, ka ce su 'yan bidi'a ne. Aka shiga kawo aya, kawo hadisi, 'yan kallo suna zuga ku. Daga ƙarshe ka rubuta kalmar shirka, ya fita daga guruf, kai kuma ka toshe lambarsa.

Ka san ni ma ba na zuwa Maulidi, kuma ba cewa nake ka canza fahimtarka ba. Abin da na karanta shi ka karanta. Amma kafirta mutumin da ya yi kalmar shahada, yake sallah, ba aikin ɗan yatsa ba ne a kan waya da tsakar dare. Shi ma kalmar da ya jefe ka da ita ba ƙarama ba ce, in na same shi zan gaya masa.

Wannan gardama ta girme ka, ni ma ta girme ni, kuma a garinmu aka yanke wa Izala cibiya. A Jos Sheikh Isma'ila Idris ya kafa Izala a 1978. Ka tambayi Inna abin da aka yi a shekarun farko: 'ya'ya sun daina bin iyayensu sallah, wasu sun ƙi cin yankan ubansu, aure ya mutu a gidaje. Gidanmu ma bai tsira ba. Baba, Allah ya ji ƙansa, ɗan Tijjaniyya ne har ya koma ga Mahaliccinsa, Kawu kuwa tun da fari ya shiga Izala, har kakin 'yan agaji ya sa. Kai kana ƙarami ba ka riski zamansu sosai ba. Bayan la'asar sukan zauna a zaure a kan tabarma ɗaya, a fara da ƙabalu da sadalu, a gangara Salatul Fatihi, murya ta yi sama har Inna ta aiko ni in leƙa ko lafiya. Da an kira magariba kowa ya ɗauki butarsa ya nufi masallacinsa. Bayan isha'i kuma ka same su hannu cikin kwano ɗaya, Kawu yana tura wa Baba tsokar nama don haƙoransa sun fara ciwo. Ba wanda ya taɓa ja da baya ko taƙi ɗaya a aƙidarsa. Ranar da Baba ya rasu Kawu ne ya shiga kabari ya karɓe shi.

Ba wai sun fi mu ilimi ba ne. Su dai suna ganin fuskar juna. In Kawu ya faɗi magana ya ga idon Baba ya kaɗa, ya san ya kai iyaka, sai ya sako zancen farashin dankali a Farin Gada. Kuma gardamarsu tana da lokacin tashi, ladan ne ke tashinta. Taku ba ta da ladan. Kana kwance kana bugawa, mutum ɗari suna kallo, kowa na jin kunyar a ce shi aka kayar. Abin da aka faɗa a zaure iska ta tafi da shi, wanda aka rubuta yana nan, ya buɗe gobe ya sake jin zafinsa sabo.

Guntayen bidiyon da kuke jifan juna da su ma ka dube su da kyau. Malami ya yi karatun awa biyu, wani ya yanko daƙiƙa arba'in inda ya fi zafi, ya rubuta "raddi mai zafi" a sama. Tun da Facebook ya fara biyan masu shafi a Najeriya a 2024, yawan kallo da yawan sharhi kuɗi ne. Ku ƙona data ku ɓata da juna, shi ya ga alat. Manyan da kuke yi dominsu fa? Izalar kanta ta rabu gida biyu a farkon shekarun 1990, ɓangaren Jos da na Kaduna, aka sasanta a 2011, aka sake rabuwa. Duk da haka in babban mutum ya rasu za ka gan su a wajen ta'aziyya, na ɗariƙa da na Izala, ana musabaha ana tambayar iyali.

Nan ma akwai irinta, kada ka ɗauka tamu ce kaɗai. A unguwar Small Heath akwai masallacin Green Lane na Ahlul Hadisi, ba sa Maulidi, akwai na Ghamkol Sharif na 'yan ɗariƙa, su kuwa suna yi sosai, kuma tsakaninsu tafiyar ƙafa ce. Sallah ma wata shekarar ba rana ɗaya ake yi ba, wasu Saudiyya suke bi, wasu Maroko. Wanda muke haya tare mutumin Gambiya ne, Batijjane. Kullum yakan shimfiɗa farin ƙyallensa a falo ya yi wazifa, ni in wuce ta gefe in dafa taliyata. Mun taɓa gwada gardamar, Turancinsa da nawa suka kasa ɗaukarta, muka yi dariya muka bari. Da mura ta kwantar da ni a bara, shi ya riƙa dafa mini shinkafa da miyar gyaɗa irin tasu yana ajiyewa a bakin ƙofa. A ƙasar da za ka kwana uku a ɗaki maƙwabci bai ƙwanƙwasa ba, mutum ba ya wasa da wanda ya san sunan uwarsa.

Mu 'yan Jos ya kamata mu fi kowa tsoron baki. Tun rikicin Juma'ar 7 ga Satumba 2001, sai na Nuwamban 2008, sai na Janairun 2010, garin ya tsage, kowa ya koma unguwar da ake addininsa. Ajinmu na sakandare ya watse, ba mu sake haɗuwa ba sai a WhatsApp. Can ma an yi ta. Lokacin kisan ɗalibar nan da aka zarga da ɓatanci ga Annabi a Sakkwato a Mayun 2022 guruf ɗin ya kama da wuta, mutane suka yi ta fita. Akwai abokina Birom da muke benci ɗaya, ya rubuta abin da ya sosa mini rai ƙwarai. Ban amsa a can ba, na kira shi. Muka daɗe a waya, ya faɗi nasa na faɗi nawa, akwai inda har yau ba mu haɗu ba. Amma da Kirsimeti ina kiransa, da Sallah yana kirana, in Plateau United ta sha kashi kuma ni ne mai yi masa jaje. To in wannan ya yiwu, kai da wanda kuke fuskantar alƙibla ɗaya, kuka yi allo a tsangaya ɗaya, me zai hana?

Kai ma'abocin hadisi ne, ka fi ni sanin wanda ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, yana cikin Buhari da Muslim, ya kuma ce mafi alherinsu shi ne mai fara sallama. Ku kun shiga wata na nawa?

Ga abin da nake so. Kada ka tura masa saƙo, kada ka sa wani abu a sitatus don ya gani. Ka taka ka je Gangare bayan la'asar, ka fara gaida Malam, sannan ka nemi abokinka. Ba sai ka ce Maulidi ya halatta ba, shi ma ba sai ya bari ba. Kalmar shirka kawai za ka janye, a gabansa, da bakinka. In ya ɗaure fuska ka yi haƙuri ka sake komawa. In kuma gardamar ta sake tasowa nan gaba, za ta taso kuwa, ku yi ta ku biyu a shago, ba a gaban jama'a ba.

Na tura kuɗin maganin Inna da na makarantar yara ta asusun Yaya Babba, ka duba an biya. Ranar Alhamis ce komawarta asibiti, kuma ka san ba ta yarda da tuƙin kowa sai na abokin nan naka, kullum cewa take shi kaɗai ke kauce wa ramuka. Ka roƙe shi ya kai ta a Keke Napep ɗinsa kamar da, ku tafi tare. Akwai wanda zai taso nan ƙarshen wata, a ba shi kuka da daddawa da yaji, amma ban da kilishi, ba a barin nama ya shigo, ƙwacewa za su yi a filin jirgi. Ka gaida Kawu, ka ce ina nan tafe da kiransa ranar Juma'a in na tashi daga barci.

Wassalam,
Yayanka.