Ba kowace fara ce ɗango ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Hoton da kuka ɗora a kan labarin farin ɗango a fitowarku ta makon jiya shi ya sa na ɗauki alƙalami. Koren ƙwaron nan da ke kan ganye ba ɗango ba ne. Ku sake dubawa, gashi biyun da ke kansa sirara ne kamar zare, har sun fi jikinsa tsawo. Gyaren daji ne, bai san hawa ba bai san sauka ba, aka jibga masa laifin wani.

Ba gori nake yi muku ba, don ni ma na yi abin da ya fi wannan muni. Shekaru da dama na yi ina aikin malamin gona, kuma a farkon aikin duk abin da ya yi tsalle a gabana feshi nake yi masa. Wata damina muka feshe wata fadama kaf saboda ƙorafin manoma biyu. Da na koma bayan kwana uku da almuru, wurin ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Babu kukan gyare, babu balbela ko ɗaya, ga matattun ƙudan zuma a ƙasa. Har yau shirun nan yana kunnena.

Masana sun rubuta nau'in fara da gyare da danginsu sama da 25,000 a duniya. A cikinsu, waɗanda ke haɗuwa su zama gungu mai rufe rana kusan 20 ne kacal. Sauran suna cin ciyawarsu a inda Allah ya ajiye su, wasu gyaren dajin ma farautar ƙananan ƙwari suke yi, wato aikin manomi suke tayawa. Rarrabe su ba wuya. Fara gashin kanta gajere ne, kunnenta yana gefen cikinta, kuma da yawansu da ƙafar baya suke goga fiffike su yi sauti. Gyaren daji kuwa fikafikansa biyu yake gogawa, kunnensa yana ƙafar gaba, ƙasa da gwiwa. Ranar da aka fara nuna min wannan sai da na yi dariya, na ɗauka zolayata ake yi.

Shi kansa ɗangon hamada ba kullum yake ɗango ba. Tun 1921 masanin ƙwari Boris Uvarov ya nuna cewa farar da ke zaune ita kaɗai da wadda ke tafiya cikin gungu halitta ɗaya ce, yanayi ne ke sauya ta. Ruwa ya sauka a hamada, ciyawa ta fito, su hayayyafa. Ciyawar ta fara bushewa, su cunkushe a ɗan abin da ya rage. Gogayyar ƙafafun baya ita ke juya halinsu, har launinsu ya canza, kuma a 2009 masu bincike a Ingila suka gano wani sinadari na jikinsu, sirotonin, shi ne ke kunna abin cikin 'yan sa'o'i. Ɓarnarsu gaskiya ce, ban musa ba. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce gungu mai faɗin murabba'in kilomita ɗaya kan cinye a rana abin da mutum 35,000 za su ci, kuma abin da Kenya ta gani a 2020 rabonta da irinsa shekara 70. Amma maganinsa a bi shi inda yake ƙyanƙyasa tun bai yi fiffike ba. Ambaliyar guba a kan kowace ciyawa zuwa da fushin wani ne a kan wani.

Wa ke biyan kuɗin wannan fushin? Shamuwa, da balbela, da shirwa, da ƙadangaru, duk da fara suke rayuwa. Akwai tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su yi hunturu a yankin Sahel, fara ce babban abincinsu. Ka kashe fara duka, ka kori masu cin ta. In ta dawo, kuma ita ke fara dawowa, ba ta tarar da mai tare ta.

Wani zai ce ƙwaro ai ba ya ƙarewa. A Amurka, farar duwatsun Roki ta yi gungu a 1875 wanda ake sa shi cikin mafi girma da aka taɓa rubutawa. Bayan 1902 ba a sake kama ta da rai ba. Abin da masana suka fi zato shi ne garma da kofaton shanu sun lalata kwaruruka inda take binne ƙwai. Idan wannan ta iya shuɗewa, ina ga ƙaramin gyaren da duk duniyarsa tsauni ɗaya ne ko tsibiri ɗaya? Da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta tantance nau'i 1,082 na Turai a 2016, sama da kashi ɗaya cikin huɗu ta samu suna fuskantar barazanar ƙarewa, galibi saboda sauya yadda ake noma da kiwo, da gobarar daji, da gine-gine.

Kuma ba a rasa wata hanya ba. Shirin yaƙi da fara na LUBILOSA da aka fara a 1989, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Kwatano ta yi aiki a cikinsa, ya samar da maganin Green Muscle daga wani naman gwari da ke kama fara da danginta, ya bar tsuntsu da zuma. Aibinsa ɗaya, ba ya kisa nan take, sai an jira mako ɗaya zuwa uku, kuma manomin da ke kallon gonarsa ba ya son jin kalmar jira. Shi ya sa dole a fita sintiri da wuri.

Roƙona gare ku, ranka ya daɗe, shi ne ku gyara bayanin hoton nan a fitowa ta gaba. In kuma za a sake buga labarin fara, a sa wakilinku ya tambayi jami'an wace iri ce, da wane magani za a yi feshin, da kuma faɗin wurin da za a fesa.

Naku,
Wani tsohon malamin gona