Amsa ga Malamin da Ya Tambaye Ni Ko Na Taɓa Yin Soyayya

Malam, bayan gaisuwa da girmamawa.

A shirin rediyo na daren Asabar ka kira sunana, ka tambaye ni ko na taɓa son wadda ba ta sona, da har zan ce waƙar nan da ake juyawa a gidajen biki daga Birni zuwa Zango a garin Damagaram ta girman kai ce, alhali kai da jama'a kuna kiranta kukan masoyin da aka ƙi. Ka ƙara da cewa boko ne ya busar mini da zuciya. Wannan ta yi mini ciwo, domin ka san gidan da na fito, kuma ka san a bakin mabegiyan zawiyya na fara jin yadda mai so yake ƙasƙantar da kansa gaban wanda yake so.

Mu koma kan waƙar. Saurayin ya lissafa shaddarsa, da babur ɗinsa, da zinariyar da ya samo a Jado, can arewacin Nijar, inda samarin Damagaram suka fara kwarara a 2014, sannan ya ambaci kakanninsa ɗaya bayan ɗaya. Ita kuwa yarinyar, ban da tsayinta da hasken fatarta, ba a gaya mana komai game da ita ba, ko dalilin ƙin nata ba a tambaya ba; yanga kawai aka ɗora mata. A baiti na ƙarshe ma ya yi mata alkawarin nadama ranar da za ta ga amaryarsa. Irin wannan kirari a bakin ɗan kokawa mai neman takobin gasar ƙasa muka saba jin sa, kuma can ya dace. Abin da ke ƙona saurayin a nan shi ne an ce masa a'a a gaban abokansa.

Batun cewa hassada nake yi wa mawaƙin ba zan tsaya a kansa ba. Muryarsa tana da daɗi, na faɗa tun farko. Sai dai jama'a sun san wanda ke gabatar da shi a wuraren biki, da abin da ake liƙawa a wurin.

Abin da ya fi damuna shi ne 'yan matan da ke rera amshin suna tafi, suna zagin 'yar'uwarsu don ta yi amfani da haƙƙin da addini ya ba ta na ƙin wanda ba ta so. Idan akwai baiti guda da saurayin ya yi mata fatan alheri, ka karanto shi ranar Asabar mai zuwa, Malam, zan kunna rediyo.